Dokata Ta Kama Abba a Rami Na Shida

Masu karatu, ku gyara zama, yau ƙara na kawo muku, kuma ni ce mai ƙara, ni ce wadda ake ƙara. Waɗanda suka daɗe suna bin labarina sun san halina. Waɗanda yau suka leƙo, ga ni a taƙaice: shekaruna ashirin da tara, na yi digiri a kimiyyar ƙasa da tsirrai, ina aiki a filin wasan golf, wasan da ake buga ƙaramin ƙwallo da sanda daga rami zuwa rami, kuma a gidanmu ana yi mini kallon kayan da suka daɗe a kanti. A wurin aiki Agogo ake ce mini. Ba yabo ba ne.

Ranakun aiki ciyawa nake kula da ita. Asabar da Lahadi ni nake riƙe littafin lokaci, in sallami kowane rukuni a bakin rami na farko, minti goma tsakanin wannan da wancan, sannan in hau 'yar motar lantarki in zagaya in ga babu wanda ya mayar da filin ɗakin hira. Lokacin da na zo, mutum zai karɓi ƙarfe bakwai ya iso ƙarfe takwas yana sakace, a ce ba komai. Rukuni ɗaya zai tsaya a tsakiyar fili yana amsa waya, mutum goma sha biyu suna gasuwa a rana a bayansa, a ce ba komai. Takarda huɗu na rubuta wa Manaja. Ya ce, “Agogo, mutanen nan hutawa suke zuwa yi.” Na ce na bayansu ma ba dako suka zo yi ba.

A ƙarshe kwamiti ya gaji da ni ya amince. Dokar ga ta: rukunin da ya yi nawa har ya bar rami guda fanko a gabansa, a yi masa gargaɗi sau ɗaya. A karo na biyu ya ɗauke ƙwallonsa ya koma gefe, duk na baya su wuce. Ba a ware kowa ba. Wannan jimlar ta ƙarshe ni na ja mata layi da hannuna kafin a kafe allon a bakin ofis. Manaja ya tsaya yana kallon allon ya ce, “Ranar da kika ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, ranar zan cire shi, kuma ba za mu ƙara maganar ba.” Na ce na ji. Wata biyu ke nan, rukuni goma sha ɗaya na mayar gefe, har da wani mai kamfani da ya yi mini alkawarin sai ya ga bayana. Har yanzu gabana yake gani duk Asabar.

To, sai Likita.

Likitan haƙori ne, wata takwas yana zuwa gidanmu neman aurena. Yana da tsabta, yana da aiki, ba ya ɗaga murya. Umma tana son sa, Kawu yana son sa, Abba kuwa in ya ji ƙarar motarsa har hula yake gyarawa. Ni kaɗai na tsaya, kuma dalilina ɗaya ne: mutumin nan ba shi da amsa sai “ba komai”. An taɓa kawo masa shayi ya huce sarai, ya shanye ya yi godiya. Wani ya tare masa mota a bakin asibiti, ya zauna minti arba'in yana jira, da mai motar ya fito shi ya fara ba shi haƙuri. Ni kuwa na yi imani kalmar nan ita ta hana mu ci gaba. Famfo yana zuba, ba komai. Malami bai zo aji ba, ba komai. Yaya zan kai ta ɗakina in rufe ƙofa?

Ranar Talata da yamma na shiga ɗakin Umma na same ta tana ninke wanki a kan gado, tsofaffin tawul a hagu, na baƙi a dama, waɗanda tun da aka saye su baƙo bai taɓa cancantar su ba.

“Zauna,” ta ce. “Yaron nan ya yi sata?”

“A'a.”

“Yana shaye-shaye?”

“A'a, Umma. Haƙurinsa ne ya yi yawa.”

Ta ajiye tawul ɗin ta dube ni. “Yau na ji sabon aibi. To ki saurara. Ya ce zai kai Abbanki da Kawunki filinku ranar Asabar su yi wasan, su ga aikinki da idonsu, tunda Kawunki har yanzu gadin ciyawa yake ce masa. In sun dawo, amsa nake so. E ko a'a. Na gaji da ce wa mahaifiyarsa kina nazari, sai ka ce jarrabawa.”

Na koma ɗakina na tarar da saƙonsa.

“Barka da yamma. Me ya kamata mu shirya wa Asabar?”

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka na zauna na rubuta masa komai. Na ce na ba su ƙarfe takwas da minti goma, rami tara kawai, don sha takwas sai su kwana. Su iso rabin sa'a kafin lokaci. Riga mai kwala, wando mai sauƙi, takalmin da ba ya huda ciyawa, hular rana, ruwan sha. Sanduna akwai na aro a ofis, kada kowa ya saya. Waya a rufe mata baki. In mutum zai yi bugu, kowa ya yi shiru ya tsaya cik. Wanda ƙwallonsa ya fi nisa da rami shi ke fara bugawa, babba ne ko yaro. Wanda ya shiga ramin yashi, in ya fito ya ɗauki manjagara ya share sawunsa. Mai ƙarancin bugu shi ne ya ci, a maimaita wa Kawu wannan sau biyu. Rami tara sa'a biyu ne, ba a wuce haka. Sabon shiga in ya kai bugu goma bai jefa ba, ya ɗauke ƙwallonsa ya yi gaba, ba abin kunya ba ne. Sannan na ɗauki hoton allon dokata na tura masa.

Saƙon ya kai tsawon hannu. Amsarsa ta shigo cikin daƙiƙa biyar.

“Ba komai. Allah ya kai mu.”

Na kifa wayar a kan filo.

Asabar, bakwai da minti arba'in daidai, suka iso. Ban yi mamaki ba. Abba shugaban makaranta ne mai ritaya, shekara talatin yana rufe ƙofar makaranta ƙarfe bakwai da rabi, ya bar makararru a waje, har da ni, sau biyu. Ya sa farar riga mai kwala wadda Umma ta goge har tana iya tsayawa da kanta, ya tura ta cikin wando, ya ja bel har ramin ƙarshe. Likita ya sa shuɗiya da farar hula. Kawu kuwa, yayan Umma, kwat ya sa, ruwan toka, da baƙin takalmin fata mai tsini, kamar wanda aka gayyata ya ba da shaida.

“Kawu, takalmin nan ba zai hau ciyawata ba.”

“Ciyawarki? Ke kika haife ta?”

“Ni nake rainon ta.”

Aka samo masa na aro. Ya cire kwat ɗin ya miƙa mini kamar ni ce marataya, yana gaya wa Likita cewa shi a zamaninsa ya yi wasan nan sosai. Da aka ba shi sanda ya riƙe ta kamar muciya.

Na duba littafi. Rukunin takwas da minti ashirin, wato na bayansu, mata huɗu ne, shugabarsu Mai Shari'a, alƙaliya ce da ta yi ritaya, 'yar kwamiti, kuma ita ce ta fara ɗaga hannu ranar da aka amince da dokata. Mace ce da ba ta gudu ba ta tsayawa.

Bugun Likita na farko ya ba ni mamaki. Ƙwallon ya tashi sak, ya sauka tsakiyar fili. Ashe wata uku yana zuwa koyo a wani wuri bai gaya mini ba. Abba ya kai sara sau uku iska kawai yake samu, a na huɗu ƙwallon ya gangara kamar taku ashirin. Na ga Likita ya dubi nasa can nesa, ya dubi na Abba nan kusa, fuskarsa ta yi irin ta wanda ya taka wa surukinsa ƙafa.

Daga nan wasan ya lalace.

Na bi su daga nesa ina gani. Abba ya ɓata bugu, Likita ya ce, “Wannan gwaji ne, Abba, ku sake.” Ƙwallon Abba ya shige cikin bishiyoyi, Likita ya bi shi da kansa yana tona ganye kamar ya yar da zobe. Ba ya yarda ya yi tafiya a gaban Abba, ga Abba kuma ba ya tafiya sai yana ba da tarihin kowace bishiya. Abin da ya fi ci mini rai, na ga Likita ya fara ɓata nasa bugun. Shekara uku ina kallon masu wasa, na san kuskure, na san wanda aka yi da gangan. A rami na uku ƙwallon Abba ya faɗa yashi, sai Likita ya auna, ya jefa nasa cikin yashin nan, don kada dattijo ya yi kaɗaici. Kawu kuwa yana rubuta bugunsa a kati da fara'a, sha huɗu, sha bakwai, yana cewa ya ba su rata.

A rami na huɗu gabansu ya zama fanko. Na matsa da motata na kira Likita gefe.

“Gargaɗi na farko ke nan,” na ce a hankali. “Ka ce wa Abba ya riƙa ɗauke ƙwallo in ya kai goma. Kai kuma ka daina abin da kake yi, ina gani.”

“Yaya zan ce wa Abba ya ɗauke ƙwallo?”

“Da baki.”

Ya yi murmushi. “Ba komai, za mu hanzarta.”

Ba su hanzarta ba. Da suka kai rami na shida, rami biyu ne fanko a gabansu, rukuni uku sun taru a baya. Mai Shari'a tana tsaye ta dogara da sandarta, sai ta ɗaga hannu ta duba agogo, sannan ta dube ni. Oba-oban da ke ƙuguna ya yi ƙara.

“Agogo,” muryar Manaja ce, a sanyaye, kamar yana shan abu mai daɗi. “An ce mini mahaifinki ne a na shida. Uba ai uba ne, ki bar su kawai, ba wanda zai ga laifinki. In kin dawo ki biyo mini da abin cire ƙusa, in sauke allon.”

Masu karatu, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na zauna a motar nan kamar minti ɗaya. Na tuna takarduna huɗu. Na tuna rukuni goma sha ɗaya da na mayar gefe ina ce musu ba a ware kowa ba. Na tuna kuma da yamma gida ɗaya zan koma da mutumin da ke cikin yashin can. Na gyara mayafina na taka motar.

Na same shi a tsakiyar ramin yashi, ya shiga har idon sawu, farar rigar ta koma ruwan ƙasa. Ya tona wurin kamar mai neman ruwa. Ƙwallon yana nan inda yake.

“Abba.”

“Yi shiru, ke kika ce ba a magana in mutum zai buga.”

Na jira. Ya buga. Yashi ya tashi, ƙwallon ya hau gangaren ya dawo ya tsaya a gaban takalminsa.

“Abba, wannan gargaɗi na biyu ne. Sai ku ɗauke ƙwallayenku ku koma gindin bishiyar can, na baya su wuce.”

Ya ɗago a hankali. “Da wa kike?”

“Da rukunin takwas da minti goma.”

“Ji mini 'ya,” in ji Kawu. “Ubanki ne rukuni? Ke, don an ba ki motar wasan yara da rediyo shi ne za ki kori mahaifinki a gaban mutane? Likita, kana ji fa. Ka ga abin da za ka kai gida.”

Duk muka juya muka dubi Likita. Na san abin da zai fito daga bakinsa, har na fara haɗa amsar da zan ba Umma: a'a, da dalilai uku.

Bai faɗi “ba komai” ɗinsa ba. Ya ajiye sandarsa, ya sauka cikin yashin, ya sunkuya a gaban Abba ya ɗauke ƙwallon ya sa a aljihu.

“Abba, ta yi daidai,” ya ce. “Kuma laifin nawa ne. Tun rami na farko nake ce muku kun yi kyau, alhali ba ku yi ba. Nake ɓata bugu don kada in wuce ku. Ita ta gaya mini ƙa'ida tun Talata, ni na ɓoye muku don kada ranku ya ɓaci. Mu fito, mutane suna jira.”

Wurin ya yi tsit, irin shirun da nake roƙo kullum ba na samu.

“Da gangan kake ɓatawa?” Abba ya tambaya.

“E, Abba.”

“Wato tun safe wasan yara kake yi da ni.”

Likita ya miƙa masa hannu, Abba ya ƙi karɓa, ya hau gangaren da kansa. Likita ya ɗauki manjagara ya share ramin tas, sawun Abba, nasa, har da inda Kawu ya tsaya kallo, yana ja da baya yana sharewa kamar yadda ake yi.

Suka tsaya a gindin bishiya su uku, mutum goma sha biyu suka wuce ta gabansu, kowa ya zo sai ya gaishe su, wanda hakan ya ƙara muni. Mai Shari'a da ta zo daidai ni ta ce, “Sannu da aiki,” ta wuce. Oba-oba bai ƙara motsi ba. Allo yana nan a kafe.

Abba bai ƙarasa wasan ba. Ya mayar da sandunan aro ya ƙirga su a gaban mai ajiya, ya ce a kira musu motar haya shi da Kawu. Likita ya bi su da makulli a hannu har bakin ƙofa, ko waiwaye Abba bai yi ba.

Na isa gida bayan la'asar. Umma tana kicin tana wanke kofin da ya riga ya fita.

“Kawunki ya ba ni labari sau uku, kowane da ƙari,” ta ce. “Sai ki faɗi a'ar taki mu huta.”

“E ce, Umma.”

Ta rufe famfo. “Me?”

“Ina son sa.”

“Yanzu? Wata takwas ana roƙon ki, sai yau da Abbanki ya ce kada a ƙara ambata masa yaron? Ke wai wace irin 'ya ce, sai an rufe kanti kike tuna cefane?”

Wayata ta yi motsi. Shi ne.

“Ƙwallon Abba yana aljihuna. Ban san yadda ake mayar da irin wannan ba.”

Na rubuta “ba komai”. Na zauna ina kallon kalmar a kan wayata, da yatsana, da hannuna. Na goge. Kafin in sami wata, na ji Abba yana kira na daga falo.

Yana zaune a kujerarsa ta gefen taga, ya shimfiɗa jarida a ƙasa, yana kaɗe yashi daga safarsa a kai. Na durƙusa a bakin kafet. Ya gama da ta hagu, ya gama da ta dama, sannan ya yi magana.

“Minti nawa muka makara?”

“Ashirin da shida, Abba.”

“Kika bari har na shida.” Ya girgiza kai. “Da ni ne, tun a na huɗu zan rufe ƙofa. Kin yi sanyi.”

Ban san inda zan sa fuskata ba, sai na sa ta a kan jaridar.

“Ke aikinki kika yi. Shi ne ban gama da shi ba. Shekara talatin ban taɓa ƙara wa yaro maki don tausayi ba, yau wani ya ƙara mini, a gaban yayan matata.” Ya ninke jaridar da yashin a ciki, a hankali, kamar takardar sakamako. “Ki rubuta mana Asabar mai zuwa. Ni da shi, mu biyu, ban da Kawunki. Ki gaya masa in ya bar mini ko rami ɗaya da gangan, kada ya ƙara taka ƙofar gidan nan.”

“In kuma ya cinye ka duka taran fa, Abba?”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Wannan sai na ji yadda abin yake tukuna.”

Na koma ɗaki na tura wa Likita maganar yadda take, ban rage ba ban ƙara ba. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa. Mutumin da ke amsa mini cikin daƙiƙa biyar, yau minti bakwai ya ɗauka, na duba.

“Ki ba mu takwas da minti goma. Ki ce wa Abba ya nemi wani ƙwallon, wannan sai na ci zan mayar.”

Wata takwas, wannan ne saƙonsa na farko da na karanta sau biyu. Ina cikin na uku na ji wani abu ya tarwatse a falo, Umma tana salati. Na leƙa. Tulun furenta ne na kan tebur, wanda ko ƙura ba a yarda ta taɓa ba. Abba yana tsaye a kan kafet, ƙafafu a ware, lema a hannu ya riƙe ta ta tsini.

“Ku yi shiru,” ya ce. “Zan sake.”